Lasin Kantin Baturke

Mun sauka Landan a tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da kuɗin man fetur ya sa gwamnati ke ta tura ma'aikatanta karatu waje. Maigidana injiniya ne a ma'aikatar ruwa, aka ba shi kwas na shekara biyu a kan gina madatsun ruwa. Ni kuwa malamar firamare ce, aurenmu bai cika shekara biyu ba. Aka ce zai iya tafiya da iyali, ya tafi da ni.

Tun kafin a ɗaura mana aure ya gaya mini abin da ba kowane namiji zai gaya wa budurwa ba. A zauren gidanmu ya zauna ya ce ya taɓa shan giya, kuma ba na wasa ba, shekara uku ya yi yana sha bayan ya fara aiki. Ranar da mahaifinsa ya rasu an yi ta nemansa tun hantsi, sai da la'asar aka gano shi a Sabon Gari. Kafin ya iso an riga an kai tsohon makwancinsa, shi kuma bai iya zama cikin masu karɓar gaisuwa ba saboda warin da yake yi. Daga ranar bai ƙara sha ba. Ya ce in yi tunani, in na ga ba zan iya ba, ba zai ga laifina ba. Na yi tunanin, na aure shi.

A Kano ta wancan lokaci doka ta raba gari biyu. Cikin birni ba a sayar da giya, ba mai lasin sayar da ita. Duk mai so sai ya tada babur ya fita ta ƙofa, ya ratsa Fagge ya shiga Sabon Gari, kuma a hanyar nan babu yadda za a yi bai haɗu da wanda ya san ubansa ba. Maigidana bai taɓa yabon kansa a kan tubansa ba. Yakan ce ba ƙarfin imani kaɗai ya riƙe shi ba, har da nisa da idon mutane. In abin ya taso masa, kafin ya kai bakin ƙofa zuciyarsa ta huce, sai ya juya gida.

A unguwar Edmonton ta Landan muka sami flat, wato sashen gidan haya, hawa na biyu a wani tsohon gidan jan bulo. A ƙasa akwai wata tsohuwa 'yar yankin Wales na Birtaniya, mijinta direban bas ne ya rasu ya bar ta ita kaɗai. Ita ta koya mini yadda ake kunna hitar ɗumama ɗaki da ranar da ake fitar da shara. Ban iya kiran babba da sunanta ba, sai na riƙa ce mata Mama, ta kuwa amsa.

Giya a Landan ba ta ɓuya. Akwai mashaya a bakin layinmu, amma wannan ba ta dame ni ba. Ƙofarta a rufe take, tagoginta ba a ganin ciki, duk wanda ya tura ƙofar ya san abin da ya je yi. Maigidana yakan wuce ta kamar bai gan ta ba. A babban titi kuma akwai shagon da ba ya sayar da komai sai kwalabe, nan ma yakan tsallaka ɗaya gefen kafin mu iso. Abin da ban taɓa zato ba shi ne babban kantin da muka shiga a makonmu na farko. Ina tura keken kaya, na wuce biskit, na wuce madara, sai ga kwalabe jere, jajaye da farare, da hoton inabi a jiki. Na ɗauki ɗaya ina zaton lemo ne. Maigidana ya karɓe ta daga hannuna ya mayar. Da muka fito ya ce kada mu ƙara zuwa nan.

Shi ya sa na koma cefane a ƙaramin kantin da ke kusurwar layinmu. Mai shi Baturke ne daga tsibirin Kubrus, Musulmi, mai faɗin kafaɗa da furfura a gashin baki. A wurinsa nake samun kuɓewa da tattasai da shinkafa, da naman yankan Musulmi da ƙaninsa ke kawo masa. Hoton Ka'aba na rataye a bayansa. In na shiga ya yi mini sallama, ya tambayi maigida, wani lokaci ya ƙara mini lemon tsami biyu kyauta. Wata bakwai muka yi cikin kwanciyar hankali. Maigidana na zuwa kwaleji, yana dawowa ya baza zane-zanensa a kan teburin cin abinci. Ni kuma na sami ciki.

Wata safiya na ga farar takarda manne a gilashin kantin. Ina karanta Turanci, amma wannan Turancin lauyoyi ne. Na kwafe shi a bayan ambulan na kai wa Mama. Ta sa tabarau ta karanta, ta ce Baturke na neman lasin sayar da giyar inabi da sauran giya ga mai saye ya tafi da ita gida, kuma duk wanda bai yarda ba yana iya zuwa gaban majistare ranar da aka sa ya faɗi dalilinsa.

Ta dafa shayi muka zauna. A nan ta ba ni labarin garinsu. Ta ce a yankinsu na Wales ba a sayar da giya ranar Lahadi, mutanen yankin da kansu suka jefa ƙuri'a suka zaɓi haka, amma yankin da ke maƙwabtaka da su ya zaɓi a buɗe. Saboda haka duk Lahadi maza kan cika bas su tsallaka iyaka su sha su dawo. Ta ce Scotland ma tata dokar daban ce. Na yi mamakin ƙasa ɗaya mai sarauniya ɗaya amma kowane yanki da nasa tsarin, sai na tuna mu ma gari ɗaya ne, ganuwa kaɗai ta raba. Na ba ta labarin birni da Sabon Gari, ta yi dariya ta ce ashe maza ko'ina ɗaya suke. Daga nan ta daina dariya ta dube ni.

"Ba don kanki kika kwafo wannan takarda ba," in ji ta.

Ba ta tsananta tambaya ba. Ta ce nata mijin ma ba bas ce ta kashe shi ba, giya ce. Za ta je kotun, in ina so in raka ta.

Kafin ranar na fara zuwa wurin Baturke. Na jira kantin ya yi shiru, na tambaye shi yadda Musulmi zai jera giya a ƙarƙashin hoton Ka'aba. Bai yi fushi ba. Ya ce tun da babban kanti ya buɗe ciniki ke raguwa, don mutane sun fi son inda za su ɗauki nama da burodi da kwalba a kwando ɗaya. 'Ya'yansa huɗu ne.

"Ni ba na sha, 'yar'uwa," ya ce. "Amma in mutum ya zo sayen burodi ya tambaye ni kwalba na ce babu, gobe ko burodin ba zai dawo saye ba."

Ranar kotu na ce wa maigidana awo zan je. Ɗakin ƙarami ne, mutum uku na zaune a kan wani dogon tebur, ta tsakiyarsu mace ce mai furfura. Lauyan Baturke ya yi bayani, wani ɗan sanda ya tashi ya ce ba su da ja. Mama ta yi magana a kan yaran makaranta da ke bin layin da kuma cewa akwai mashaya da shagon giya kusa, me ake da na uku. Suka saurare ta cikin ladabi. Sai aka zo kaina. Na miƙe da cikina, na ce a garinmu ba a sayar da giya a inda ake sayar da abinci, kuma mutumin da ba ya son ganin ta ya kamata a bar masa wuri ɗaya da zai sayi madara bai gan ta ba.

Matar mai furfura ta ce ta fahimta, amma dokar nan ba ta garinmu ba ce. Sai ta tambaye ni ko akwai wani a gidana da wannan lasin zai cutar da shi, in akwai za su so su ji.

Baturke ya juyo yana kallona. A bayansa akwai magatakarda mai rubuta duk abin da aka ce. Na tuna mijina yana can kwaleji cikin kwat ɗinsa, da yadda ya amince da ni a zaure ya faɗa mini abin da ko ƙannensa bai tattauna da su ba. Na ce a'a, babu. Ba a yi minti goma ba aka ba da lasin. Ban sani ba ko da na ce akwai zai canza wani abu. Mama ta ce ba zai canza ba. Amma wannan a'a ta daɗe tana damuna.

Mako bai zagayo ba maganar ta kai kunnen maigidana. Baturke ne ya tare shi a hanya, cikin ɓacin rai ya tambaye shi me ya yi wa matarsa da za ta kai shi gaban alƙali. Ya dawo da la'asar, ya ajiye jakarsa, bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ko na je na gaya wa Turawa mijina mashayi ne. Na rantse masa ban faɗa ba.

"Ba sai kin faɗa ba," ya ce. "Mace mai ciki ta tsaya gaban alƙali a kan giya, wa zai kasa ganewa?"

Ya ce shekara biyar bai taɓa ta ba, amma ashe a idona har yanzu yana Sabon Gari. Don ya nuna mini kuskurena, sai ya fara shiga kantin da kansa ya sayi jarida ya fito. Kwalaben na kan kanta ta hannun dama, tsakanin man zaitun da firjin madara. Ya yi ta shiga yana fita lafiya har tsawon wata uku, ni ma na fara jin kunyar abin da na yi.

Na haihu a farkon hunturu, 'ya mace, amma sai da aka yi mini aiki. Likita ya hana ni hawa da saukar bene. Ba uwa, ba gwaggo, ba mai dafa mini ruwan wanka sai Mama da ke hawowa da kyar tana riƙe da ƙarfen bene. Cefane gaba ɗaya ya koma hannun maigida, kullum sai ya shiga kantin, wani lokaci sau biyu. A daidai lokacin wasiƙu suka fara zuwa daga gida cewa sabuwar gwamnati na sallamar manyan ma'aikata, kuma shugabansa da ya turo shi kwas na cikin waɗanda abin ya shafa. A kwaleji kuma malaminsa ya dawo masa da aikin wata huɗu ya ce ya sake. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, jaririya na kuka, shi yana zaune gaban zane bai ja layi ko ɗaya ba.

Kwalba ta farko a ƙarƙashin burodi na gan ta, cikin jakar cefane, kusa da garin madarar jaririya. Ya ce wani abokin karatunsa Bature ne ya gayyace su cin abinci, kuma al'adarsu ce baƙo ya riƙo wani abu. Ya ɗora ta a kan kabad. Kwana huɗu tana nan, ina kallonta ina shayarwa. Rana ta biyar na ga ta koma rabi. Na tashi da kyar na juye sauran a wurin wanke-wanke. Ya sa takalmi ya sauka, kafin in gama canza wa yarinya tsumma ya dawo da wata. Ko minti goma bai yi ba.

Daga nan kwanaki suka zama iri ɗaya. Bai taɓa duka na ba, bai taɓa zagina ba. Zama yake a kujerar bakin taga ya sha a hankali cikin kofin shayi, kamar kofin zai ɓoye abin. Sallar asuba ta fara kuɓuce masa, sannan sauran. Ranar Lahadi doka ta taƙaita sa'o'in sayarwa, Baturke kan lulluɓe kantar da zane sai tsakar rana. Safiyar Lahadi ce kaɗai nake samun mijina. Yakan ɗauki yarinya yana yi mata wasa, amma da sha biyu ta kusa sai in ga idonsa na zuwa kan agogo.

Da na sami ƙarfin sauka na koma wurin Baturke. Wannan karon na faɗa masa gaskiya, na roƙe shi don Allah ya daina sayar wa mijina. Ya sunkuyar da kai. Ya ce da ya sani da bai tare shi a hanya ba, kuma ya yi alkawari. Ya cika alkawarin, washegari ya hana shi. Maigidana ya fito ya miƙe babban titi, ya shiga shagon da a da yake tsallake wa, ya dawo da abin da ya fi giyar inabi ƙarfi. Ashe na ƙara ɓata lamarin ne.

Da zafi ya shigo Mama ta ce mu bi ta Wales mu yi mako ɗaya a gidan ƙanwarta, ko canjin iska zai taimaka. Ƙauye ne tsakanin duwatsu, tumaki sun fi mutane yawa. Ranar Asabar aka kai mu ganin wata babbar madatsar ruwa. A can na ga mutumin da na aura. Ya tsaya a kan bangon yana nuna mini inda ruwa ke bi in ya yi yawa, yana bayanin yadda za a gina irinta a ƙasarmu da jar ƙasa maimakon dutse, har gonaki nawa za ta shayar da rani. Muryarsa ta dawo, ya saɓa yarinya a kafaɗa. Na ce a raina gobe Lahadi, ko'ina a rufe, zai yi kwana biyu ke nan bai sha ba.

Washegari bayan karin kumallo ya ce zai ɗan taka. Su Mama suka tafi coci. Da suka dawo ƙanwarta ta kasa haɗa ido da ni. Daga baya Mama ta gaya mini sun gan shi a bakin titi cikin mazan ƙauyen, yana jiran bas mai tsallaka iyaka. Bai san kowa ba a garin, bai jin yarensu, amma ya gano bas ɗin.

Bizarmu ta zo ƙarewa a kaka, kuma ba a sabuntawa sai da takardar kwaleji. Takardar da suka ba shi ta faɗi gaskiya, cewa ya daina halartar darasi kuma bai zauna jarrabawa ba. Muka tafi ofishin shige da fice na Croydon da sassafe, ya sa kwat ɗinsa mafi kyau, bai sha komai ba. Muka wuni a layi cikin ɗalibai da iyalai daga ko'ina, yarinya na bayana. Jami'in da ya karɓe mu matashi ne mai ladabi. Ya karanta takardar sau biyu, ya ce ya yi haƙuri, za a ba mu ɗan lokaci mu haɗa kayanmu. A jirgin ƙasa muna dawowa da muka kusa sauka maigidana ya tambaye ni me za mu ce wa Hajiya, wato mahaifiyarsa. Na ce za mu ce sanyi ya shiga ƙirjinsa, likitoci suka ba da shawara ya koma gida. Ni na ƙirƙiri ƙaryar nan, ba shi ba.

Ranar tafiya Mama ta rungume yarinya ta ƙi saki, har mai tasi ya yi ham. Baturke ya fito da kwalin lemo da zabibi ya sa mana a mota, ya yi mana addu'a da harshensu.

A Kano ma'aikata ta ba shi tebur a wani ofis da ba a kai wa muhimmin fayil. Muka zauna cikin birni, gidan mahaifinsa, inda har lokacin ba mai sayar da giya. Amma yanzu yana da mota mai gilashi, kuma ya daina damuwa da wanda zai gan shi a Fagge. Ya yi ƙoƙari, ba zan ɗauke masa wannan ba. Sau biyu yana dainawa, sau ɗaya har wata tara, lokacin da aka tura shi aikin wata madatsa a daji. Shekara shida ya yi bayan dawowarmu. Hanta ce ta tafi da shi, cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya. A makonninsa na ƙarshe ya koma salla, a zaune, ina riƙe masa buta.

Wurin zaman makoki Hajiya ta riƙa gaya wa mata cewa sanyin Ingila ne bai taɓa sakin ɗanta ba, ni kuma ina gyaɗa kai. Na koma koyarwa, ban sake aure ba, na ci gaba da zama da ita don ba ta da mai kula da ita kamar ni. Mun yi ta musayar wasiƙa da Mama har shekara uku, sai tawa ta dawo ba a buɗe ba.

Wata rana da hantsi, shekaru bayan haka, ina yi wa Hajiya kitso a tsakar gida, jikarta na makaranta. Ba tare da ta juyo ba ta ce mini ita ta riƙa wanke wa ɗanta kaya tun kafin ya yi aure, babu warin da ba ta sani ba. Hannuna ya tsaya a kanta. Ta ce Allah ya rufa mini asiri duniya da lahira kamar yadda na rufa masa, sannan ta ce in ƙarasa mata kitson kafin azahar. Na ƙarasa. Ba mu sake tada maganar ba har ta rasu.